Ƙulle-ƙullen Kawu a Kogon Kuka

Na Allah ne mu, kuma gare shi kowa zai koma. Kawu ya koma ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar marka, ruwa ya kwana biyu yana zuba a Bagudo bai ɗauke ba. Ya sha kununsa, ya ce a buɗe masa taga ya ga ruwan, daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Masu gaisuwa iri biyu ne suka zo mana. Akwai mutanen gari, waɗanda suka san shi tun yana saurayi. Su da lema suke zuwa, su zauna a zaure gwargwadon shan ruwa, su ce, "Allah shi jiƙan shi, Allah shi yahe mishi," su tashi. Addu'a ce da ake yi wa kowane mamaci, amma ina kallon yadda suke satar duban ƙofar ɗakinsa, da yadda ba wanda ya yarda ya jingina da bangon.

Sai kuma waɗanda ba mu sani ba. Suka riƙa ɓullowa cikin ruwan nan ɗaya bayan ɗaya, laka har gwiwa: manoman shinkafa daga Lafagu da Bahindi, makiyaya da sandunansu, masunta, mata 'yan kasuwa daga tsallaken iyakar Benin. Wani dogon mutum bai ma shigo zaure ba, ya tsaya jikin tsohuwar motar Kawu da ke ƙofar gida, ya ɗora tafinsa a kanta yana kuka kamar ƙaramin yaro. Wata tsohuwa daga cikin Dandawan tsallake ta shigo cikin gida, ta yi mana gaisuwar mutuwa da harshensu, ta sami lungu kusa da rumbu ta zauna. Kwana biyu tana nan, hannunta riƙe da wani ƙulli a gefen zanenta, ba ta ce ga abin da ya haɗa ta da mamacin ba.

Inna, wato mahaifiyata, ƙanwar Kawu uwa ɗaya uba ɗaya, ta dubi taron ta ce, "Waɗanga mutane, ina yas san su?"

Wata maƙwabciya ta rage murya ta ce, "Ai masu irin aiki nai ba su rasa mutane."

Na ji ta. Na kuma san aikin da take nufi. Shekara ashirin da wani abu ke nan garin nan yana raɗe-raɗin cewa Kawu yana binne asiri a kogon itatuwa. Kuma maganar daga bakina ta fito.

Bari in faɗi wane ne shi tukuna. Kawu makanikin injin ban ruwa ne. Duk inda ake noman shinkafa a fadamun bakin kogin Kwara, daga nan har wajen Kamba, har ƙauyukan da in ka yi tuntuɓe za ka faɗa Benin, in inji ya ƙi tashi shi ake jira. Ba ya zaman shago. Yana da wata tsohuwar bas da ya cire wa kujerun baya ya mayar da ita ɗaki, mutane suka sa mata suna Kunkuru, saboda ba ta sauri kuma gidanta yana bayanta. Sai ya yi sati uku bai taka Bagudo ba.

Wanda bai shiga Kunkuru ba bai san Kawu ba. Katifa a kan katako, akwatin kayan aiki a ƙarƙashi. Tukwane biyu a rataye, kowace an ɗaure ta da robar tsohuwar tayar keke don kada ta dame shi da ƙara a hanya. Jarkar ruwa a jikin ƙofa, ya huda gindinta ya toshe da ƙusa, in za ka yi alwala ka zare ƙusar, in ka gama ka mayar. Sabulu a cikin guntun ragar buhun albasa, ɗaure da jarkar, ba ya faɗuwa ƙasa balle ya kwashi yashi. Gishirinsa da 'yan ƙwayoyin shinkafa a ciki don kada ya jiƙe. Tulunsa sanye da rigar buhu, kullum a jiƙe, ruwan ciki sai ka ce daga rijiya aka ɗebo shi yanzu. Inna takan ce, "Namiji da tsarin ɗaki ya hi na amarya." Shi kuwa ya ce, "Amarya na da maƙwabta. Ni in na manta gishiri, wa zan roƙa, kada da ke cikin kogi?"

Yana da magana guda da duk wanda ya taɓa bin sa ya haddace. "Matahiyi ba shi sauka sai ya yi duba ukku: shi dubi bisa, shi dubi ƙasa, shi dubi mahita." Sama, don busasshen reshe da gidan zuma. Ƙasa, don layin kwarkwasa da shara da ambaliya ta bari a jikin ciyawa, domin inda ruwa ya taɓa kwana zai dawo. Mafita kuwa, kullum hancin Kunkuru yana duban hanya, a kan ɗan gangare, saboda batirinta ya fi shi tsufa.

To ga yadda na yi masa ɓarna. Ina da cikin fari, muka je biki wani ƙauye kusa da iyaka, Kawu ya ɗauko mu a dawowa. Da la'asar ya tsaya gindin wata ƙatuwar kuka don a yi salla. Na zaga bayan itacen, sai na hango shi tsugune. Ya ciro gwangwanin madara daga aljihu, ya buɗe, na ga wasu ƙulle-ƙulle uku na tsumma, baƙaƙe, an naɗe su da zare. Bakinsa yana motsi. Ya rufe, ya tura gwangwanin cikin kogon kukar, ya kare da dutse, ya shafa fuska. Na koma mota na riƙe cikina da hannu biyu har muka iso gida.

Na gaya wa Inna, na ce kada ta gaya wa kowa. Ita ma aminiyarta kaɗai ta gaya wa, da wannan sharaɗin. Magana zarar bunu ce. Kafin in haihu, har masu tallar fura sun san Kawu yana da ƙulli. Wani ya ce ya ga gwangwanin a wata tsamiya a hanyar Bahindi ya ruga da gudu. Wani ya ce shi ya sa inji ke tashi da ya taɓa shi. Aka ce ruwa ba ya tsami banza, mutum ya ƙi kwana a gari sai daji? Da, in liman ya yi tafiya, Kawu ake turawa gaba a masallacin unguwa. Aka daina, ba tare da an ce masa komai ba. Wasu kuma suka riƙa zuwa a ɓoye suna neman maganin kasuwa. Sai ya yi dariya ya dafa musu shayi.

Wanda abin ya fi ci shi ne ɗansa, ɗa ɗaya tilo, taubashina. Mahaifiyarsa ta rasu yana goye, Inna ce ta raine shi, tare muka tashi muna tsokanar juna kamar yadda 'ya'yan wa da ƙanwa ke yi. Ya yi karatun addini mai zurfi, mutum ne mai gaskiya, kuma yana son ubansa, wannan ba na shakka. Wata rana ya tare shi a ƙofar gida yana ɗaura kaya.

"Baba, ko ka bar abin ga, ko ka hwaɗa muna mi ne ne."

Kawu ya ci gaba da jan igiya. "Ka taɓa ganin na bar salla?"

"A'a."

"Ka taɓa ganin na ci haƙƙin wani?"

"A'a, Baba, amma mutane..."

"To ka bar ni da Ubangijina."

Taubashina ya kwashe iyalinsa ya koma wata unguwa. Yana zuwa gaisuwa kowace Juma'a, ya durƙusa, ya tashi. Amma bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da ubansa ba.

Shekaru suka tafi. Maigidana ya rasu, na yi takaba na fita, amma zuciyata ba ta fita ba. Sai in wuni zaune a bakin gado, in an kawo abinci in dube shi, in an ɗauke ban sani ba. Ana nan bayan damina ta ɗauke, sai ga Kawu ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota a yatsa.

"Ɗiyata, tashi. Kunkuru na bukatar mai dahuwa. Na gaji da tuwona mai gudaji."

Inna ta bi ni har zaure tana raɗa mini in riƙa karanta Ayatul Kursiyyu. Na bi shi, ba don ina so ba, sai don ba ni da ƙarfin gardama.

Kwana goma sha biyu muka yi. Har yau in na tuna su sai in ga kamar wani ne ya ba ni labari. Nakan farka a cikin mota, shi yana waje a ƙarƙashin tamfol da ya kafa, ya zagaye shimfiɗarsa da toka saboda kiyashi, ya haƙa ɗan kwararo a kewaye ko da ruwan bazata zai zo. Gari yana wayewa, farin tururi ya kwanta a kan kogi, ba ka gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Kwalekwale ya fito daga cikin farin nan ba ƙara, mai tuƙi a tsaye kamar yana tafiya a kan iska, ya yi mana sallama da wani harshe, ya sake nutsewa. Balbelu su bi bayansa. Daga tsallake, can Benin, kana jin ana daka, sautin yana zuwa a makare bayan taɓarya ta sauka. Hayaƙin murhunmu ya tashi kaɗan, ya gaji, ya kwanta a kan ruwa ya bi shi. Ni da na yi wata biyar ban ji ƙamshin komai ba, sai na ji ƙamshin shayi.

Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Aiki yake ba ni. "Kakkaɓe takalminki kahin ki sa, kunama ma tana son ɗaki." "Shahwa sabulu ga gindin tukunya kahin ki aza, baƙin ba shi kamawa." "Ki aje ɓawon lemun ga, in ya bushe hayaƙi nai na korar sauro." In mun sauka kusa da ƙauye, kafin ya buɗe ko akwati sai ya je ya gai da mai gari. In za mu tashi, sai ya kashe wuta da ruwa, ya rufe da ƙasa, ya sa tafin hannu a kai ya ji ta huce, sannan ya share wurin. Na ce, "Kawu, daji kake shara?" Ya ce, "Masaukin wani na, mun riga shi isowa kurum."

A kwana na biyar, da hantsi, ya ciro wani buhu daga ƙarƙashin katifa ya zazzage a tabarma. Tsummoki ne, da zare, da gwangwanayen madara wankakku.

"Zamna ki kama min," in ji shi.

Ya ɗora tukunya da ruwa, ya saka gwangwani a ciki cike da guntayen kyandir da yake tsinta wurin masu shayi, ya ƙara da tsohon man kaɗe da ya yi wari, wanda mata ke shirin zubarwa. "Kyandir ba a narka shi bisa wuta tsirara, sai cikin ruwan zahi, in ba haka ba shi kama ya cinye miki gira." Ya shimfiɗa tsumma kamar faɗin tafin hannu, na auduga zalla, ya ce mai roba narkewa yake yana wari. Ya zuba garin katako da ya roƙa wurin masu sassaƙa jirgi, da dakakken ɓawon gyaɗa, ya ɗora audugar rimi a tsakiya, ya naɗe, ya ɗaure da zare, ya tsoma a narkakken man, ya ajiye a kan dutse ya sha iska. Ga shi nan, baƙi, ɗan dunƙule, daidai abin da na gani a bayan kuka ina da cikin fari.

Ya ɗauki ɗaya da ya bushe, ya tsoma a kogi, ya yarfe, ya yage bakinsa da farce har audugar ta leƙo, ya ƙyasta ashana. Wuta ta kama, 'yar siririya, shuɗiya daga ƙasa, ba ta rawa ba ta gaggawa. Ya tsaga wani jiƙaƙƙen ice ya nuna mini cikinsa. "Kin gani? Kome ruwan da ya duke shi, zuciya tai busassa ta. Ki hwara da 'yan sirara, manyan ki jera su kewaye su sha zahi." Ƙulli ɗaya bai mutu ba sai da icen ya kama, shayi ya tafasa.

Kowane gwangwani ƙulli uku, ashana biyar da aka tsoma kawunansu a kyandir don kada su sha ruwa, da ɗan gefen kwalin ashana a naɗe cikin leda. Shi ke nan asirin. Yana barin su a kogon itatuwan da matafiya ke fakewa, a mashigai da mararrabai, yana zagayowa yana cika waɗanda aka kwashe.

Na zauna da zare a hannu, hawaye suna ɗiga a kan tsumman. Na ce, "Kawu, ni ce. Ni na gaya wa Inna."

"Na sani," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Tun ranan nig ga sawun takalminki bayan kuka."

"Ka sani, ba ka ce komai ba?"

"Kina da ciki, kin ga abin da ba ki gane ba, kin ji tsoro. Mai tsoro ba maƙiyi ba ne. Miƙo zaren."

Na ce to bari mu koma gida in tara mutane in wanke shi. Bai ba ni amsa ba sai bayan kwana biyu, da muka iso gindin kukar nan. Rana ta karkata, inuwar ta yi tsawo. Ya zauna a kan saiwa ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba.

Yana matashi, bai da mota, ya ɗauko matarsa da jaririnsu a kan keke za su gai da iyayenta a tsallaken iyaka. Ana marka. An ce masa ya bari ruwa ya ɗauke, ya ƙi, don yana da aikin da zai dawo wa. Zazzaɓi ya rufe ta a hanya, ruwa ya tsare su a gindin wannan kuka, rafi ya cika gaba da baya. Tana rawar sanyi, ba ta roƙe shi komai ba sai kunu mai zafi. Ga gari a ƙullinsu, ga ƙaramar tukunya, ga ruwa ya ishi duniya. Ashanarsa ta jiƙe. Ya ƙyasta ɗaya bayan ɗaya har kwalin ya ƙare, kawunan suna marmashewa a hannunsa. Da ruwan ya tsagaita washegari, ta riga ta tafi, yaron yana kwance a jikinta.

"Na ce ma mutane zazzaɓi na, kuma gaskiya ta. Amma ban hwaɗi zancen kunun ba." Ya dubi kogon. "Abin da kinka ga bakina na motsi, roƙo nika yi, duk wanda ya ji ɗumi da wutag ga, Allah shi kai ladan gare ta."

Na ce, "Kawu, ai wannan abin a faɗa ne."

"In kin hwaɗi, a tambayi dalili. In an tambayi dalili, yaron ga shi ji uwa tai ta mutu tana roƙon kunu, uba nai na tsaye da ashana jiƙaƙƙa. Gara shi ɗauke ni boka da shi dube ni da wanga. Ki yi min alkawari."

Na yi masa. Na dawo gida da ƙafafuna a ƙasa, ina ci ina sha, Inna ta ce lallai an yi mini wani abu a daji. Shekara bakwai ina jin ana cin naman mutumin nan a gabana, ina haɗiye magana. Da, surutuna ya cuce shi. Yanzu kuma shiruna.

To, ranar kwana uku da rasuwarsa. Ruwa bai fasa ba, yayyafi ne mai naci. Baƙi sun cika gida da zaure da rumfar maƙwabta, dole a ɗora manyan tukwane, ga itace duk ya sha ruwa. Mata sun kewaye murhu a tsakar gida, an kafa musu tamfol, suna hura wuta har idanu sun yi ja. An zuba kananzir, ta tashi fuu ta mutu. An sa leda, sai wari. Hantsi ya yi, ko ruwa bai yi ɗumi ba.

Sai na ga taubashina ya fito daga ɗakin Kawu da buhu a hannu, yana riƙe da shi nesa da jikinsa. Ya nufi bayan rumbu da fartanya. Na bi shi.

"Ɗan Kawu, ina za ka da kayan mutane?"

Idanunsa sun kumbura. "Ba ranar wasa ba ta yau. Ƙarƙashin gado nai nis same su, sun hi ɗari. Zan ƙone su in binne tokar, ko Allah shi sassauta mishi." Ya sari ƙasa da fartanyar, ya fara haƙa rami. "Ubana na. Mi kike so in yi?"

Na tsaya, ruwa yana bin wuyana. In na yi shiru, za a binne buhun nan, a binne sunan Kawu tare da shi, jikokinsa su tashi ana nuna su. In na yi magana, na karya alkawarin da na yi wa mamaci, na kuma ɗora wa ɗansa abin da ya yi shekara arba'in yana kare shi daga ji. Wallahi na ji tsoro, irin tsoron da na ji a bayan kuka. Amma wancan karon gudu na yi.

Taubasantaka ta yi mini rana, don ba wata mace a gidan da za ta iya fizge abu daga hannunsa. Na fizge buhun na nufi murhu. Inna ta miƙe tana salati. "Ke! Kada ki sa muna abin ga ƙarƙashin abincin mutane!"

Na ɗauki ƙulli ɗaya, na tsinke zaren da haƙori, na warware shi a kan faifai a gaban kowa. "Ku matso ku duba. Ga audugar rimi. Ga garin katako. Ga ɓawon gyaɗa. In akwai rubutu ko gashi ko allura, ku nuna min." Ba wadda ta matso, amma wuyoyi sun miƙe. Na karɓi gatari na tsaga ice, na fere 'yan sirara daga zuciyarsa, na yage bakin wani ƙullin, na ƙyasta. 'Yar shuɗiyar wutar nan ta tashi, ta tsaya cak a cikin danshin. Ƙamshin man kaɗe ya bazu. Sirara suka kama, manya suka fara tsaki suna fitar da ruwa, can sai murhu ya ɗauka gaba ɗaya.

A lokacin ne tsohuwar nan ta kusa da rumbu ta taso. Ta kwance gefen zanenta, ta fito da gwangwanin madara da ya yi tsatsa, ta ajiye kusa da faifan. Hausarta a karye take, amma kowa ya ji.

"Ni kihi nika kai kasuwa. Ruwa ya kama mu mashigi, ni da jikata, jiki nata sanyi kamar ƙarhe. Na sa hannu kogo neman wurin ɓoye kaya, na samu wanga. Mun yi wuta. Jikata yanzu tana da ɗiya biyu." Ta share ido da bayan hannu. "Shekara da yawa ban san mai shi ba, sai rana guda na ga mai mota shina sa wani. Na zo in maido mishi gwangwani nai."

Labari ya kai zaure. Sai ga dogon mutumin nan da ya yi kuka a jikin mota yana cewa daga bakin ƙofa, su makiyaya sun daɗe da sanin itatuwan, har suna kwatanta wa juna. Ashe daji duk ya sani, gari ne kawai bai sani ba. Inna ta zauna daɓas a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Maƙwabciyar nan ta sulale ta fita, ta manta lemarta.

Taubashina bai motsa ba. Ya ce, a hankali, "To don mi bai hwaɗa min ba? Na tambaye shi. Da bakina na tambaye shi."

Na ja shi bayan rumbu inda ba kowa, na gaya masa sauran: keken, da kukar, da kunun, da ashanar. Ban rage komai ba. Ya zauna a cikin laka da fararen kayansa, ya daɗe yana kallon ramin da ya fara haƙawa. Na jira ya yi fushi da uban, abin da Kawu ya ji tsoro ke nan duk rayuwarsa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Shi kaɗai ya ɗauki wanga? Ni ina can ina ƙin cin tuwo da shi?" Ya kifa kai a gwiwa. A ranar, da hannunsa ya ɗebi abincin da aka dafa da wutar, ya kai zaure, ya zauna a tsakiyar masu laka a ƙafa ya ci tare da su.

Kawu, na karya alkawari, kuma ga shi ina ƙara karya shi da alƙalami. Ka yafe mini laifina na farko, na surutu, tun ban roƙa ba, ina sa ran na biyun. Ka yi kuskure guda a lissafinka: ɗanka bai ga laifinka ba.

Bayan arba'in, da ƙasa ta fara tsanewa, sai na ji ƙugin Kunkuru a ƙofar gidana. Taubashina ne a gaba, ya saya mata sabon batir, amma duk da haka ya juya hancinta ya dubi hanya. Ya ce in zo in nuna masa itatuwan. Muka isa kukar da hantsi. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya tsuguna a bakin kogon da gwangwani a hannu, ƙulle-ƙullen ciki nasa ne, ɗaurin duk a karkace. Ya daɗe bakinsa yana motsi, yanzu mutum biyu yake roƙa wa.

Na waiwaya, sai ga wata matashiya da tulu a ka, ta tsaya cak a kan hanya tana kallonsa, ido waje, ƙafarta ɗaya ta riga ta juya za ta gudu. Na san wannan tsayuwar. Na ɗaga murya na ce, "Ke ɗiyata, aje tulun ga. Taho ki ga abin da ke ciki."

Allah ya jiƙan Kawu da matarsa, ya sanyaya musu makwanci, ya haskaka shi gwargwadon wutar da ya bar wa mutanen da bai sani ba. Mu kuma da muka saura a hanya, Allah ya sa mu isa masauki da sauran rana.